Yadda ake gano gansakukar da ta mamaye teku ta hanyar siterol

Idan ruwan teku ya rine ya koma ja ko ruwan ƙasa, kifi ya fara tasowa matacce, abin da za a fara tambayarka a ɗakin gwaji shi ne wace gansakuka ce ta ɓarke. Madubin ƙara girma yakan ba da amsa, amma ba kullum ba. Wasu ƙwayoyin sun cika ƙanƙanta, kamar Aureococcus anophagefferens da ba ta wuce maikuromita 2 zuwa 3 ba (maikuromita kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita), a madubi ɗigo kawai za ka gani. Wasu kuma ba su da ɓawo, da an zuba musu maganin adanawa sai su kumbura ko su fashe. A irin wannan hali ne siterol yake taimakawa.

Siterol nau'in kitse ne da ke cikin fatar ƙwayar halitta, kolesterol na jikin mutum ma ɗan gidansu ne. Duk ginshiƙinsu ɗaya, zobba huɗu a haɗe. Suna bambanta ne a yawan kabon, galibi 27 zuwa 30, da wurin da mahaɗi mai ninki biyu ya faɗa, da ɗan reshen da ke kan kabon na 24 ko na 4. Kowane rukuni na gansakuka yana da irin haɗin da ya saba ƙerawa. Iya abin da kake buƙata ke nan kafin ka sa hannu. Amma ka riƙe wannan tun yanzu: siterol guda ɗaya ba ya kama sunan gansakuka. Haɗinsu gaba ɗaya ake dubawa, a jera shi da abin da madubi ya nuna.

Kayan aiki

Na bakin ruwa: kwalaben gilashi masu duhu ko tulun ƙarfe mai tsabta, akwatin ƙanƙara, ƙaramar kwalba da ruwan aidin na Lugol, filtar zaren gilashi GF/F mai faɗin milimita 47, mazurarin tacewa da famfon zuƙa, hantsaki na ƙarfe, da takardar alminiyam.

Na ɗakin gwaji: kwalaben gwaji na gilashi masu murfin da aka shimfiɗa wa Teflon, tsinken zuƙa na gilashi, tukunyar ɗumama da za ta tsaya a digiri 70 zuwa 80, iskar naitirojin, firiza, da akwatin zuƙe hayaƙi. Sinadarai kuwa: kulorofom ko dikulorometan, metanol, heksan, etil asetet, KOH, busasshen sodiyum salfet, garin silika, BSTFA, firidin. Duka su zama masu darajar da ake amfani da ita a kuromatogirafi. Mai araha yakan zo da dattinsa, kuma da ka ƙafar da shi dattin ne zai taru.

Sai siterol na kwatance da ake saya tsarkakakku, aƙalla kolesterol, kamfesterol, istigmasterol da sitosterol, da sinadarai biyu na auna asara: 5α-androstanol da 5α-kolestan. A ƙarshe na'urar GC-MS, wadda take raba sinadarai a cikin dogon bututu, ta farfasa kowanne gutsu-gutsu, ta ba da lambar nauyin kowane guntu.

Roba ba ta da wuri a wannan aiki. Sinadaran narkarwa suna tatso mata abin da ake kira fitalet, wanda zai fito maka a na'ura da lamba 149 ya cika ko'ina. Safar hannu kuma dole ce, ba don kare kai kaɗai ba: fatar yatsanka tana ɗauke da kolesterol, taɓa filta sau ɗaya ya isa ya ɓata lissafi.

1. Ƙona gilashi da filta

Ka naɗe filtoci a takardar alminiyam, ka sa su a tanda tare da kwalaben da aka wanke, a digiri 450 na awa 4 ko fiye. Wannan yana cinye duk wani maiƙo. Kada ka ƙona murafe ko gilashin awo mai zane. In babu tanda mai wannan zafi, ka ɗauraye komai da metanol, sannan dikulorometan, sannan heksan, kowanne sau uku, ka bar shi ya bushe a akwatin zuƙe hayaƙi.

2. Ɗibar ruwa

Ka ɗiba a wuri biyu aƙalla: tsakiyar inda ruwan ya rine, da can gefe inda yake garau. Na biyun shi ne zai nuna maka abin da ke cikin ruwan tun asali, kuma masu koyo sun fi mantawa da shi. Ka rubuta lokaci, zurfi, zafin ruwa da gishirinsa. Lokaci yana da muhimmanci domin dainofilajilet, rukunin gansakuka masu iyo da jela, da yawansu suna hawowa sama da rana su nutse da dare.

Daga kowane wuri ka ware mililita 100 ka ɗiga Lugol har ruwan ya yi launin ruwan ƙasa mai haske, don ƙirga a madubi. In da hali ka ajiye wani kaɗan ba magani, ka duba shi da ransa a ranar. Sauran ruwan ya shiga akwatin ƙanƙara, cikin duhu.

In ana zargin Karenia brevis ce, ka yi hattara da feshin igiyar ruwa, gubarta tana bin iska ta sa tari da yajin ido.

3. Tacewa

Cikin 'yan awoyi, kada ya kwana. Ka fara wuce ruwan ta raga mai ido maikuromita 200 don cire ƙananan dabbobin ruwa, su ne buhunan kolesterol. Sannan ka tace ta GF/F da zuƙa mai sauƙi, ƙasa da milimita 200 na ma'aunin zaiba. Zuƙa mai ƙarfi tana fasa ƙwayoyi marasa ɓawo, abin da kake nema ya bi ruwa ya wuce.

Ruwan da ya rine sosai, rabin lita zuwa lita ɗaya ya isa. Mai haske yana iya cin lita 5 ko fiye. Idonka ne alƙali: da filtar ta yi launi sosai, ruwa ya fara ɗiga da ƙyar, ka tsaya. Ka rubuta ainihin yawan da ya wuce, ka ninke filtar biyu da hantsaki, ɓangaren mai launi a ciki, ka naɗe a alminiyam, sai firiza a digiri 20 ƙasa da sifili. In za ta daɗe, 80 ƙasa da sifili ya fi.

Ka ajiye filta ɗaya da ba ka tace komai da ita ba, ta bi duk matakan da ke tafe tare da sauran. Ita ce holoƙonka. Duk abin da ya fito a cikinta, daga hannunka ne ko kayanka, ba daga teku ba.

In babu famfo mai wuta, na hannu yana yi. In babu kayan tacewa kwata-kwata, ragar jan fulanktan mai ido maikuromita 20 za ta tara maka manyan ƙwayoyi, amma ƙananan irin Aureococcus za su zurare, kuma ba za ka iya faɗin yawa a kowace lita ba.

4. Tatso kitsen

Hanyar da Bligh da Dyer suka wallafa a 1959 har yau ita ake bi. Ka yayyanka filtar da almakashin da aka ɗauraye da metanol, ka zuba a kwalbar gwaji. Kafin komai ka ɗiga androstanol gwargwadon da ka auna, misali maikurogiram 10. Shi ɗan rakiya ne: ba ya cikin gansakuka, amma halinsa irin na siterol ne, don haka duk asarar da za ka yi a hanya shi ma zai yi irinta, ka gane nawa ya zube.

Ka zuba kulorofom mililita 5, metanol 10, ruwa mai tsabta 4. Ya kamata su haɗe su zama abu ɗaya. In sun rabu biyu, ruwa ya yi yawa, domin jiƙaƙƙiyar filta ma tana da nata ruwan, sai ka ƙara metanol kaɗan kaɗan har su haɗe. Ka girgiza, ka sa a na'urar girgiza da sauti na minti 10 zuwa 15 in akwai, in babu ka bar shi ya kwana a firij a rufe.

Daga nan ka ƙara kulorofom 5 da ruwa 5, ka girgiza, ka bari ya kwanta. Zai rabu gida biyu. Na ƙasa, mai launin kore ko zinariya, shi ne naka. Ka zuƙe shi da tsinken gilashi ba tare da ka kwaso farin dattin da ke tsakani ba, ka sake wanke na saman da kulorofom sau biyu ka haɗa. Dikulorometan yana iya maye gurbin kulorofom, kuma illarsa ba ta kai ta kulorofom ba, amma dukansu a akwatin zuƙe hayaƙi ake taɓa su.

Ka ƙafar da shi da naitirojin a hankali, zafi kada ya wuce digiri 40.

5. Dafawa da KOH

Wani kaso na siterol yana ɗaure da asid ɗin kitse, kuma asid ɗin kansa ya ninka siterol yawa, in ka bar shi zai rufe komai. Ka zuba mililita 3 na KOH kashi 5 cikin 100 a haɗin metanol da ruwa, 80 da 20. Ka hura naitirojin a saman, ka ɗaure murfi tamau, ka ɗora a digiri 80 na awa 2 zuwa 3. Asid ɗin zai koma sabulu ya zauna a ruwa, siterol kuma ya kuɓuta.

Bayan minti goma na farko ka leƙa. In ruwan ya ragu, murfi yana yoyo, ka sauke ka canza shi kafin ya ƙone ƙurmus.

Da ya huce ka ƙara ruwa mililita 2, sannan heksan da dikulorometan, 4 da 1, mililita 3. Ka girgiza. Wannan karon na sama ne naka, kada ka rikita shi da mataki na 4. Sau uku za ka yi. In kumfa ta hana su rabuwa, ɗan ruwan gishiri yakan warware ta. Ka wuce abin da ka tara ta sodiyum salfet ya shanye laima, ka sake ƙafarwa.

6. Tsarkakewa da silika

Samfurin da aka noma a ɗakin gwaji ba ya buƙatar wannan. Na teku, musamman kusa da tashar jiragen ruwa ko bakin kogi, yana buƙata. Ka toshe tsinken gilashi da audugar gilashi, ka cika da silika kamar rabin giram. Heksan zai fara wanke mai da danginsa, ka zubar ko ka ajiye gefe. Sannan etil asetet kashi 20 cikin 100 a heksan zai sauko da siterol.

A nan ne wanda ya sa kolestan tun farko a matsayin ɗan rakiya yake yin asara. Kolestan ba shi da OH, ɗan reshen oksijin da haidirojin da siterol yake da shi, don haka yana bin heksan na farko ya tafi, ka neme shi a na'ura ka rasa. Shi ya sa androstanol yake shiga a farko, kolestan kuma sai dab da yi wa na'ura allurar samfurin.

7. Rufe OH da BSTFA

Siterol tsirararsa yana maƙalewa a bututun na'ura, ya fito da jela. Ka tabbata samfurin ya bushe ƙayau, domin ɗigon laima ɗaya yana kashe BSTFA. Ka zuba maikurolita 50 na firidin da 50 na BSTFA, ka rufe, digiri 70 na awa ɗaya. Ka ƙafar, ka narkar a heksan, ka ƙara kolestan gwargwado sananne. Ka yi allura a ranar ko washegari, in ya daɗe laimar iska tana kwance aikin. Kwalbar BSTFA da aka daɗe da buɗewa ita ce abin zargi na farko idan siterol ɗaya ya fito a wuri biyu.

In babu BSTFA, asetik anhaidiraid da firidin suna yi. Sai dai nauyin zai ƙaru da 42 maimakon 72, kuma siterol irin su kolesterol ba sa nuna cikakken nauyinsu, sai wanda ya ragu da 60. Lambobin da ke ƙasa duk na BSTFA ne.

8. Na'ura

Bututu mai tsawon mita 30 irin DB-5 ko HP-5MS, iskar hiliyum kamar mililita ɗaya a minti, bakin allura a digiri 280 zuwa 300, karatun nauyi daga 50 zuwa 600. Ka hau da sauri zuwa digiri 200, daga nan kuma a hankali, digiri 3 ko 4 a minti har 310, ka tsaya minti 15. Duk siterol a wannan sashe na ƙarshe suke fitowa, a cunkushe, mai gaggawa zai ga tudu ɗaya inda akwai biyu. Ka fara da heksan zalla, sai holoƙo, sai siterol na kwatance, sannan samfura.

9. Karanta sakamako

Nan aikin yake. A irin wannan bututu jerin fitowa yakan kasance haka: kolestan, kofrostanol, kolesterol, barasikasterol, 24-metilinkolesterol da kamfesterol kusan manne da juna, istigmasterol, sitosterol, sannan dinosterol can baya.

Ka fara neman guntu mai lamba 129. In yana da ƙarfi, mahaɗi mai ninki biyu yana kan kabon na 5, kamar na kolesterol. Shi kolesterol nauyinsa 458, da guntaye 368 da 329. Barasikasterol 470 ne, da 380, 255 da 69. 24-metilinkolesterol shi ma 470 ne, amma 386 da 296 ne suke tona shi. Kamfesterol 472, istigmasterol 484, sitosterol 486. Dinosterol 500, ba shi da 129 na kirki, 69 ne ya fi tsawo, sai 271, 359 da 388. Kada ka miƙa wuya ga sunan da kwamfuta ta zaɓo daga rumbunta. Siterol na teku da yawa ba sa ciki, sai ta ba ka sunan mafi kusa da cikakken ƙarfin hali.

Dinosterol shi ne mafi shahara. Yuzuru Shimizu da abokan aikinsa ne suka fara ware shi a 1976 daga Gonyaulax tamarensis, wadda yanzu take cikin Alexandrium, kuma a 1979 aka nuna cewa wanda ke jibge a lakar Baƙin Teku saura ne na ɓarkewar dainofilajilet ta dā. In ya yi yawa a samfurinka, dainofilajilet ne kusan tabbas. Na ce kusan, domin an same shi a wata dayatom, wato gansakuka mai ɓawon silika, ta jinsin Navicula. Abin da ya fi yaudara shi ne rashinsa. Karenia brevis, mai rina gaɓar Fulorida a Amurka, dainofilajilet ce amma ba ta yin dinosterol. Nata su ne jimnodinosterol da birebesterol, masu nauyi 484 da 470. Ka lura, nauyin nan daidai yake da na istigmasterol da barasikasterol. Abin da zai raba maka su shi ne lokacin fitowa da rashin 129. Ko ka tabbatar da su ma, ba ka kai ga Karenia brevis ba tukuna, domin 'yan uwanta Karlodinium da Takayama suna yin irinsu. Iyali ka gano, ba mutum ɗaya ba. Amphidinium kuma tana da nata, amfisterol.

Barasikasterol an daɗe ana ɗaukarsa tambarin dayatom, har wasu tsofaffin rubuce-rubuce suna kiransa da sunansu. A ganina wannan ya ɓatar da mutane da yawa. Emiliania huxleyi, mai mayar da teku fari kamar an zuba alli, tana yin sa da yawa, kiriftofait, wani rukunin ƙananan gansakuka, ma haka. Dayatom masu ɓarkewa irin Skeletonema da Thalassiosira sun fi yin 24-metilinkolesterol. To in ka ga barasikasterol ya yi rinjaye, ka duba ko akwai alkenon, dogayen sinadarai masu kabon 37 zuwa 39 da Emiliania da danginta suke yi. A silika ba sa bin heksan zalla, a kason etil asetet za ka same su tare da siterol, kuma sai ka ƙara wa na'ura lokaci a zafi na ƙarshe kafin su fito. Sannan akwai tagwaye biyu na barasikasterol da suka bambanta a juyin reshen kabon na 24 kawai. Bututu na yau da kullum ba ya raba su, don haka a rahoto ka rubuta sunan tsarin sinadarin, kada ka yi iƙirarin wanne ne.

Inda wannan hanya ta fi biyan wahalarta shi ne ruwan da ya koma ruwan ƙasa. Aureococcus, wadda ta fara ɓarkewa a 1985 a gaɓar Long Ailan da mashigin Naragansat a Amurka, da Aureoumbra lagunensis da ta riƙe Laguna Madire ta Tekzas daga 1990 har 1997, duka suna yin 24-furofilidinkolesterol, mai kabon 30, wanda ba kasafai ake samunsa a wasu ba. Nauyinsa 498, da 386 da 296. Ƙwayar da madubi ya kasa bambancewa, a nan tana fitowa fili.

Sitosterol kuwa ɗan rikici ne. Heterosigma akashiwo mai kashe kifin keji tana yin sa sosai, amma ganyen da kogi ya kwaso daga tudu ma shi ne a ciki, tare da kamfesterol da istigmasterol. Fukosterol na manyan ciyayin teku masu ruwan ƙasa kuma yana fitowa kusan wuri ɗaya da shi, sai ka nemi 386 da 296 a ƙarƙashin tudun. A nan ne samfurin gefe, na ruwan garau, yake yin rana: in sitosterol ya ninka a cikin rinannen ruwa kaɗai, na gansakuka ne. Kofrostanol, mai 460 da 370, ba na gansakuka ba ne sam, alamar bahayar mutane ce ta shiga ruwan, kuma ya cancanci a ambata a rahoto.

10. Lissafi da rahoto

Ka raba faɗin tudun siterol da na androstanol, ka ninka da yawan androstanol da ka sa, ka raba da litar da ka tace. Misali in rabon ya ba da 0.6, ka sa maikurogiram 10, ka tace lita 2, to kana da maikurogiram 3 a lita. Ka cire abin da holoƙo ya nuna tukuna. Kolestan kuma zai gaya maka nawa ne na androstanol ya tsira. In bai kai rabi ba, ka sake aikin.

Kada ka mayar da wannan lamba yawan ƙwayoyi kai tsaye. Yawan siterol a ƙwaya yana canzawa da shekarunta, zafin ruwa, haske da abincin da ta samu. Ƙirga na Lugol ne zai ba ka yawa. Ka ba da kason kowane siterol cikin 100, na tsakiya da na gefe a jere, ka rubuta rukunin da haɗin ya nuna, sannan ka ce ko madubi ya yarda. Sunan jinsi ɗaya tak sai madubi ko gwajin DNA ya mara baya.

In ba ka da GC-MS, na'urar GC-FID, wadda ba ta auna nauyin guntaye, za ta ba ka yawa da lokacin fitowa, ka kwatanta da na kolesterol, sai dai sunayen za su zama zato mai ƙarfi ne kawai. Farantin silika ma yana da ɗan amfani: siterol masu reshe a kabon na 4, irin na dainofilajilet, suna hawa sama kaɗan da sauran, su ba da tabo na daban. In aikawa za ka yi wani ɗakin gwaji, ka tsaya a ƙarshen mataki na 5, ka aika busasshen samfuri a rufe da naitirojin cikin sanyi, tare da holoƙonsa, su yi BSTFA da kansu.

Wani lokaci kuma ruwa zai rine sosai, filta ta yi kauri, ɗan rakiya ya dawo lafiya, amma siterol ya fito ɗan kaɗan. Kafin ka zargi hannunka ka koma madubi. Sayanobakteriya irin Trichodesmium, mai shimfiɗuwa a saman teku kamar dusar katako, ba ta yin siterol, kuma wannan hanya ba za ta gan ta ba. Irin wannan samfuri gwajin launukan gansakuka ko na DNA za ka kai shi.